Tambayoyin Masu Karatu: Gina Kwamin Iyo a Gida, Wa Za a Ba Aikin, Kuma Me Zai Ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a unguwar Kwara Kano a nan Yamai. Akwai fili a bayan gidana inda na daɗe ina son gina kwamin iyo, wato pisin, mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, saboda yara da kuma zafin bazara. Na yi magana da mutum uku. Na farko kamfani ne, ya ba ni takardar ƙiyasi mai shafi huɗu, amma kuɗin ya yi mini yawa. Na biyu maginin da ya yi mini katanga da ɗakin baƙi ne, mutumin kirki, ya ce zai yi aikin a rabin wannan kuɗin, sai dai da baki ya faɗa. Na uku wani aboki ne ya haɗa mu, ya nuna mini hotuna a waya, ya kuma ce in ba shi kashi biyu cikin uku na kuɗin kafin ya fara. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan san abin da aikin zai ci gaba ɗaya?

*Daga wani Alhaji, Kwara Kano, Yamai*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sa albarka a cikin niyya. Shawarata ta farko ita ce kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin har yanzu ba farashi uku ke hannunka ba. Farashi ɗaya ne a rubuce, sai alkawari na baki, sai kuma hotuna, alhali ba a iya gwada abubuwa uku da juna sai an auna su da mudu ɗaya.

Bari in fara da nauyin abin da kake shirin ginawa, don shi ne zai nuna maka irin mutumin da ya dace. Kwami mai mita 8 da mita 4, idan matsakaicin zurfinsa mita ɗaya da rabi ne, yana ɗaukar ruwa lita 48,000, wato nauyin ton 48, kuma wannan nauyi yana danna ƙasa yana tura bango dare da rana ba hutu. Bangon ɗaki idan ya yi ƴar tsaga, a shafe ta da siminti a yi fenti, magana ta ƙare. Bangon kwami idan ya yi tsagar da ko ido bai cika gani ba, ruwa zai bi ta nan a hankali, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya kai ga ƙarfen da ke cikin kankare ya sa shi tsatsa, wataƙila ma ya gangara zuwa harsashin gidanka ko katangar maƙwabci. Saboda haka ƙwarewar mutum a ginin ɗaki, komai kyanta, ba ta isa shaida ba a wannan aiki. Ban faɗi haka don in rage darajar magininka ba. Akwai ayyuka da yawa a gefen kwamin da zai yi su da kyau, kamar daɓen kewaye da ɗakin inji da shinge, kuma ina ganin ya dace ka riƙe shi a kansu.

Hanyar da na fi yarda da ita wajen zaɓen mai aiki ita ce ta gani ya kori ji. Ka ce wa kowannensu ya kai ka gida biyu ko uku inda ya gina kwami, kuma kada ka yarda da sabon aikin da aka gama watan jiya, domin kowane kwami kyakkyawa ne a makonsa na farko. Wanda ya shekara uku ko fiye ake nema, wanda ya ga bazara ya ga damina ya kuma ga ƙurar hunturu. Idan ka je, ka nemi ganawa da mai gidan ko mai kula da kwamin ba tare da ɗan kwangilar yana tsaye a kanku ba, ka tambaye shi sau nawa yake ƙara ruwa a mako, ko karo, wato tayil ɗin da aka liƙa a jikin kwamin, ya taɓa ɓamɓarewa, ko kuɗin da aka biya a ƙarshe ya zarce na yarjejeniya, da kuma ko mutumin yana ɗaukar waya idan inji ya samu matsala. Ka leƙa ɗakin injin da kanka, domin a nan ne ake gane mai tsabtar aiki: bututu a jere, ba ɗigo, ba wayar lantarki a ƙasa. Mutumin da ya nuna maka hotuna a waya, idan aikinsa ne, ba zai ji nauyin kai ka wurin ba. Idan ya fara kawo uzuri, ka samu amsarka. Shi kuwa kamfanin, ka nemi ganin lambar rajistarsa ta kasuwanci, wato RCCM, da lambar haraji ta NIF, ka kuma san inda ofishinsa yake, sa'annan shi ma ya kai ka ga tsohon aikinsa, don takarda mai shafi huɗu ba ta riƙe ruwa.

Bayan wannan sai a zo ga takardar ƙiyasi, wadda muka saba kira debi. Kada ka bar kowa ya ƙiyasta abin da ya ga dama. Ka samu injiniyan gini ko gogaggen mai zanen gine-gine, wanda ba shi da alaƙa da ɗayansu, ya zana maka kwamin ya rubuta adadin kayan da ake buƙata, sai ka miƙa wa duka ukun wannan takarda ɗaya su sa farashinsu a gaban kowane layi. Kuɗin da za ka biya injiniyan kaɗan ne idan aka gwada shi da na aikin, kuma shi ne zai nuna maka dalilin da ya sa wani ya ce rabin kuɗi. Sau da yawa za ka tarar mai arahar bai lissafa injin tura ruwa da matata ba, ko bai sa kwashe ƙasar da aka haƙa ba, ko kuma da bulo yake nufin tayar da bango.

Ga ƙididdigar da za ka riƙe a hannu don ka iya duba abin da za a kawo maka. Idan kaurin bango da na daɓen ƙasa santimita 20 ne, kankaren jikin kwamin kaɗai zai kai kimanin mita kubik 15. Kankaren da ake so ya riƙe ruwa akan zuba masa siminti kilo 350 a kowace mita kubik, wato buhu 7 mai kilo 50, ka ga ke nan buhu 105, sama da ton 5, tun ba a zo ga shafe da liƙa karo da daɓen kewaye da ɗakin inji ba. Ƙarfen rodi yakan haura ton ɗaya, gwargwadon yadda injiniya ya tsara. Wurin da za a liƙa wa karo a ciki murabba'in mita 68 ne, 32 a ƙasa da 36 a bango, kuma a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa da ajiyar gyara. Ramin da za a haƙa ya fi kwamin girma, domin ma'aikata suna buƙatar wurin tsayawa a bayan katakon zubi, don haka ƙasar da za ta fito za ta doshi mita kubik 90 zuwa 100, kuma ƙasa idan an haƙe ta kumbura take yi. Ka tambayi kanka tun yanzu ko motar haƙa za ta iya shiga ta ƙofar gidanka, ko kuwa da hannu za a haƙa a riƙa fitarwa da baro zuwa tifa, domin kuɗin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Da waɗannan alƙaluma, ka aika yaro kasuwar Katako ya jiyo farashin siminti da rodi da karo na wannan makon, za ka san ƙasan kuɗin da aikin ba zai iya gazawa ba. Duk wanda ya faɗi abin da ya kasa wannan, akwai abin da zai rage. Ka kuma tambaya ko harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari yana cikin jimlar ko a kanta za a ɗora shi, sa'annan ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gefe saboda abin da ba a zata ba.

Abin da ba a zata ba kuwa, galibi a ƙarƙashin ƙasa yake. Ƙasar Yamai ba iri ɗaya ba ce. A kan tudu akan ci karo da marmara mai tauri wadda ke cin lokaci da kuɗi wajen haƙa, a wasu wurare yashi ne mai zubewa, a kusa da kogi da kwarin Gunti Yena kuma ruwa ba ya da nisa, musamman a ƙarshen damina. Wanda ya ga abin da ya faru a unguwannin Lamorde da Kirkisoye da Saga a watan Satumba na 2020, lokacin da kogi ya cika ya ƙetare madatsai, ya san yadda ƙasa ke shan ruwa a wannan gari. Inda ruwan ƙasa ya taso, kwamin da aka kwashe ruwansa yana iya ɗagowa kamar kwalekwale, ya karye ya tsinka bututu. Maganin wannan shi ne a haƙa ramin gwaji kafin a sa hannu a kan kowace takarda, kuma idan akwai shakka a sa a auna ƙasar. Haka nan a nisanta kwamin daga harsashin gida da katanga da ramin masai, a kuma nisanta shi daga dogon yaro da sauran manyan itatuwa, saboda saiwa da ganye. Akwai kuma batun sutura, wanda mutane kan tuna da shi bayan an gama: ka tsaya a wurin ka ɗaga kai ka duba ko akwai benen da ke hango filin, domin idan iyali ba za su sake a wurin ba, an yi kashe kuɗi a banza. Ka kuma biya ta ma'aikatar magajin gari ka ji abin da ake buƙata na izinin gini kafin a kafa diga.

Game da biyan kuɗi, ban yarda a ba kowa kashi biyu cikin uku kafin ya fara ba, ko da ɗan'uwa ne. A rubuta yarjejeniya da ta bayyana girman kwamin, da irin kayan da sunan kamfanin da ya ƙera injin da matatar, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai ɗauki nauyin gyara idan ya yi yoyo. Sa'annan a raba biyan bisa matakan da ido ke iya gani. A ba da ɗan kafin alƙalami don a fara, a ƙara bayan an haƙa an ɗaure ƙarfe kuma injiniyanka ya duba ya amince, a ƙara bayan zubi, a ƙara bayan an gwada bututu da matsin ruwa tun ba a rufe su da ƙasa ba. Mataki mafi muhimmanci shi ne gwajin cikawa: bayan kankare ya yi kwana 28 ya kama ƙarfinsa, a cika kwamin da ruwa kafin a liƙa karo, a bar shi kamar mako guda ana aunawa. Don a bambanta yoyo da abin da rana ke sha, a ajiye bokiti cike da ruwa a kan matakalar kwamin, a yi alama a ciki da waje. Idan ruwan kwamin ya fi na bokitin sauka, akwai inda yake fita. A ƙarshe ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har sai aikin ya wuce bazara ɗaya da damina ɗaya.

Ranar zubi ka kasance a wurin, ko ka sa wanda ya san aikin ya tsaya. A tabbata yashi da tsakuwa masu tsabta ne ba laka, a yi amfani da injin girgiza kankare don kada a bar kogo, a sa maganin hana ruwa ratsawa, a kuma kula da mahaɗar bango da daɓen ƙasa, domin a nan yoyo ya fi samuwa. Duk bututun da zai ratsa bango a dasa shi kafin zubi, kada a zo daga baya ana fasawa. Idan lokacin zafi ne, a zuba da sanyin safiya ko da yamma, kuma a yi ta shayar da kankaren aƙalla mako guda, don ranar Afrilu tana busar da shi kafin ya nuna. An taɓa kirana wani gida inda mai gidan ya biya kuɗi duka tun aiki bai kai rabi ba, aka liƙa karo mai tsada a kan bangon da ba a gwada ba, kuma cikin wata biyu ruwa ya fara tsattsafowa a gindin katangar maƙwabcinsa. Sai da aka ɓamɓare karon gaba ɗaya. Abin da ya fi damun mutumin, kamar yadda ya gaya mini, shi ne zumuncin shekaru da ya yi tsami tsakaninsa da maƙwabcin.

Yanzu ga rabin tambayarka da mutane suka fi mantawa, wato abin da kwamin zai riƙa ci bayan an gama. Cikawar farko lita 48,000 ce, daidai da jarka 1,920 mai lita 25. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska ta bushe, ruwan da ke buɗe yana iya sauka kusan santimita ɗaya a rana. A fuskar ruwa mai murabba'in mita 32, wannan lita 320 ke nan kowace rana, kusan lita 10,000 a wata, ban da wanda ake zubarwa wajen wanke matata. Kuɗin ruwan pampo a ƙasar nan hawa-hawa ne, wanda ya fi sha ya fi biyan tsada a kowace mita kubik, don haka ka ɗauki takardar ruwanka ta kamfanin ruwa na NDE ka lissafa da farashin matakin sama. A nan ina da roƙo gare ka, Alhaji, a matsayin ɗan'uwa. A bazara akwai unguwanni a Yamai da mata ke kwana a gindin pampo suna jiran ruwa ya zo da tsakar dare. Ka tsara aikinka yadda cikawar farko za ta faɗo a lokacin da ruwa ya wadata, ka kuma sa kuɗin murfin kwami a cikin lissafi, domin yana rage abin da rana ke sha sosai, yana kuma tare ƙurar hunturu.

Wutar lantarki ita ma lissafi ce. Injin da zai juya ruwan nan duka cikin awa 4 zuwa 6 yakan kasance mai ƙarfin kusan kilowat 0.75. Idan ya yi awa 8 a rana, kilowat-awa 6 ke nan, wato 180 a wata. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar cewa a raba zafin ruwan biyu a samu awannin tacewa, ka ga idan ruwa ya kai digiri 30 ana maganar awa 15, kuma lissafin ya kusa ninkawa a daidai lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki ke cin wuta kuma kamfanin wuta na NIGELEC ke yawan ɗaukewa. Ruwan da ya kwana biyu ko uku a tsaye cikin wannan zafi kore yake zama. Shi ya sa nake ba da shawarar a duba injin da ke aiki da hasken rana tun a farkon tsari, tunda lokacin da ake buƙatar tacewa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Sai maganin kulor mai kashe ƙwayoyin cuta da na daidaita tsamin ruwa, wanda ake so ma'auninsa na pH ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, da ƴar na'urar gwaji, da albashin wanda zai riƙa sharewa. Kayan nan kusan duka daga waje suke zuwa, kuma bayan da hanyar Kwatano ta rufe a 2023, kaya sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso suna daɗewa a hanya. Saboda haka kada ka yarda a sa maka injin da babu kayan gyaransa a shagunan Yamai, komai kyan sunansa. Ka tara kuɗin wata goma sha biyu na waɗannan abubuwa ka rubuta shi a ƙarƙashin kuɗin gini. Idan jimlar biyun ta yi maka daidai, sai ka koma ga mutanen uku, ka ba wanda tsohon aikinsa ya riƙe ruwa kuma ya yarda a biya shi mataki-mataki.

Tambaya: Ina gaishe ku da aiki. Maigidana yana kasuwanci a Abijan, ya kuma yanke shawarar a gina pisin a sabon gidanmu da ke nan Tawa. Yana aiko da kuɗi ta hannun ƙanensa, wanda ya ce maginan gari sun isa, ba sai an ɗauko kowa daga Yamai ba. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin ƴaƴanmu huɗu ne, ƙaramin shekararsa biyu. Me ya kamata in gaya wa maigida?

*Daga wata uwa, Tawa*

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya zuri'a. Fargabarki tana kan hanya, kuma da ita ya kamata a fara lissafi kafin a zo ga siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara ƴan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi kashewa, kuma abin da ya sa lamarin ya fi ban tsoro shi ne yaro ba ya kururuwa idan yana nutsewa, cikin minti kaɗan an rasa shi alhali mutane suna tsakar gida. Abin da aka tabbatar yana karewa shi ne shinge da ya kewaye kwamin ta fuska huɗu, ya raba shi da sauran gidan, mai tsayin aƙalla mita 1.2, wanda tazarar sandunansa ba ta wuce santimita 10 ba, babu kuma inda yaro zai taka ya hau. Ƙofarsa ta zama mai rufe kanta, sakatarta a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Katangar gida ba ta wadatar ba, domin yaran a cikinta suke. Tamfol da aka shimfiɗa a kan ruwa shi ma ba shinge ba ne, yaro yana iya takawa ya naɗe shi. A Faransa tun 2003 doka ta wajabta wa masu irin wannan kwami a gida su sa abin kariya. Ki gaya wa maigida cewa a sa kuɗin shingen a layin farko na takardar ƙiyasi, kuma kada a zuba ko guga ɗaya na ruwa sai an kafa shi. Ramin ma tun ana haƙa a killace shi.

Akwai wasu abubuwa na kariya da ba sa cin kuɗi mai yawa idan an tuna da su tun farko. Gidan da ke da yara ba ya buƙatar zurfin da ya wuce mita 1.2 zuwa 1.4, kuma rage zurfi yana rage ruwa da siminti. Karon kewaye ya zama mai kaushi wanda ba ya santsi. Fitilun cikin ruwa su zama masu ƙarfin bolt 12, a kuma sa wa dukan wutar kwamin makatsa mai saurin yankewa ta miliyamfa 30, wanda ƙwararren mai aikin lantarki ya san ta. Ramin da ke tsotsar ruwa a ƙasa a rufe shi da murfin da ba ya kama gashi ko jiki. Manyan yaran a koya musu iyo, amma kada a ɗora musu tsaron ƙanensu, wannan aikin babba ne.

Game da maganar ƙanen maigida, yana da gaskiya ta wani ɓangare. A Tawa akwai magina da maƙeran ƙarfe da za su yi haƙa da daɓe da shinge da ɗakin inji ba tare da matsala ba, kuma siminti yana kusa da ku tunda a Malbaza ake yin sa. Abin da ke buƙatar wanda ya taɓa yi shi ne tsara ƙarfe, da zubin jikin kwamin, da haɗa bututu da inji. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko ƙwararre ɗaya ya zo a waɗannan matakai ya jagoranci maginan gari, a kuma sa kuɗin motarsa da masaukinsa a lissafi, tunda tsakanin Yamai da Tawa ya haura kilomita 500. Kafin ya tafi ya koya wa wani a gidan yadda ake wanke matata da auna magani, a kuma sayi kayan gyara na ajiya, don kada inji ya tsaya a yi mako ana jiran saƙo. Kwamin da aka bari a tsaye babu magani, cikin kwana goma zuwa mako biyu sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, ga zazzaɓin cizon sauro a gida.

Tambayar da ya kamata a amsa kafin komai a Tawa ita ce daga ina ruwan zai fito. Ruwan ƙasa a yankin Adar yana da nisa a wurare da yawa, don haka haƙa rijiyar burtsatse saboda kwami kaɗai babban kuɗi ne daban. Idan da tanka za a riƙa kawowa, a lissafa tanka nawa a shekara, ba na cikawar farko kaɗai ba. A kuma kai ruwan a gwada shi, domin ruwan rijiya mai sinadarin ƙarfe yana rikiɗewa ya yi ja da zarar ya haɗu da kulor, ya kuma ɓata karo.

Batun kuɗin da ke bi ta hannun ƙanensa kuwa, ki gabatar da shi ta hanyar da ba za ta zama zargi ba. Ki ba maigida shawarar a rubuta yarjejeniya da mai aikin, a raba biya bisa matakai, kuma kafin a saki kowane kaso a tura masa hotuna da rasit ta WhatsApp tare da amincewar wani masanin gini da ba ya cikin kwangilar. Wannan tsari kariya ne ga ƙanen nasa kansa, domin idan aiki ya samu matsala ba za a ce shi ya ci ba.

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne a unguwar Yamai 2000, kuɗina ba su da yawa. Zan iya yin aikin kaɗan-kaɗan kamar yadda muke gina gida, in haƙa bana in zuba baɗi? Kuma zan iya amfani da bulo?

*Daga wani matashi, Yamai*

Amsa: Malam, yadda muke gina gida daki-daki hikima ce, amma jikin kwami ba ya karɓar wannan tsari. Ramin da aka bari a buɗe damina za ta rusa gefensa ta cika shi da ruwa, ya zama haɗari ga yara, ƙarfen da aka ɗaure aka bari zai yi tsatsa, kuma tsohon kankare ba ya haɗuwa da sabo yadda zai riƙe ruwa. Ka tara kuɗin haƙa da zubi da bututu da inji da shinge har su cika, sa'annan a yi su a jere cikin rani ɗaya. Abin da za ka iya jinkirtawa shi ne rumfa da fitilu da ado da faɗaɗa daɓen kewaye.

Inda za ka rage kuɗi da gaske shi ne girma. Kwami mai mita 5 da mita 3 da zurfin mita 1.2 lita 18,000 yake ɗauka, bai kai rabin na Alhajin da ya yi tambayar farko ba, kuma ya ishi iyali su sha sanyi, da ƙaramin inji da magani kaɗan. Bulon da ake gina ɗaki da shi ba ya jure turin ruwa. Wanda ake yarda da shi shi ne bulo mai buɗaɗɗen ciki da aka yi musamman don a zura masa rodi a tsaye da a kwance a cika shi da kankare, sa'annan a yi masa shafen hana yoyo, kuma shi ma injiniya ne zai faɗi yawan ƙarfen. Idan kana so ka gwada ko gidanka zai iya ɗaukar hidimar kafin ka haƙa, akwai kwamin roba da ake kafawa a kan daɓe. Ka sa shi a inuwa domin rana tana cin roba da sauri, ka killace shi ko ka cire tsaninsa duk lokacin da babu babba a wurin, ka kuma rubuta abin da ya ci na ruwa da wuta da magani daga Maris zuwa Yuni, sai ka yi lissafin na kankaren da waɗannan alƙaluma.